Hajiya Gambo Sawaba, Wadda Ta Nema wa Matan Arewa Ƙuri'a

Yau za mu kawo muku tarihin wata baiwar Allah wadda ta riga mu gidan gaskiya tun cikin shekarar 2001, watau Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Da yawa daga cikinku kun san sunan, ko daga bakin iyaye, ko kuwa saboda babban asibitin nan na Ƙofar Gayan a Zariya wanda aka sa wa sunanta. Amma kaɗan ne suka san ainihin abin da ta yi ta fama a kansa har ta sha ɗauri. To, ke da kike Warra, ko Yelwa, ko Ngaski, ko Shanga, in dai kin taɓa shiga layi ranar zaɓe kin dangwala yatsa, ki sani akwai gumin wannan mata a cikin tawadar.

Akwai darasi guda da muke so ki riƙe tun daga farko. Duk sa'ad da gwamnati ta kafa wata hukuma ko kwamiti ta ce ya tabbatar da adalci tsakanin 'yan ƙasa, akwai abubuwan da akan rubuta masa ya duba. Abin da aka rubuta, shi zai auna. Abin da aka bari kuwa, kome nauyinsa, ba zai hau ma'auninsa ba. Shekara da shekaru a ƙasar nan ana rubuta ƙabila da addini da jiha, ana tsallake mata. Rayuwar Gambo Sawaba kusan dukanta ta ƙare ne wajen neman a sa sunan mata cikin wannan lissafi.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haife ta cikin shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake ita ce ta biyo bayan tagwaye, sai aka riƙa kiranta Gambo kamar yadda al'adarmu ta saba. Mahaifinta, Malam Isa, mutumin Gana ne wanda ya zo Nijeriya ya kama aiki a reluwe. Mahaifiyarta, Fatima, Banufiya ce. A Zariya ta tashi, aka kuwa sa ta makarantar En'e ta Tudun Wada, a zamanin da ba kowace yarinya ke samun wannan gata ba.

Karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu cikin 1943 tana da shekara 10, mahaifiyarta ta bi shi bayan 'yan shekaru. Tana da shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon soja wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Ta sami ciki, mijin ya sa ƙafa ya tafi, bai sake waiwayo ta ba. Ga maraici, ga goyo, ga ƙuruciya. Ku 'yan makaranta, ku dubi shekarunku ku gwada da nata. Don haka da ta girma ta riƙa magana a kan aurar da ƙananan yara da cire 'ya mace daga makaranta, abin da ta ɗanɗana da kanta take faɗa.

Shigarta siyasa

Ran 8 ga watan Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama shugabanta daga baya. Kirarin jam'iyyar shi ne Sawaba, watau samun sauƙi ga talakawa daga haraji mai nauyi, da aikin tilas, da zaluncin waɗansu ma'aikatan En'e. Gambo ta shiga reshen Zariya tana da shekara 17. A lokacin nan shiga NEPU ba wasa ba ne ko ga namiji, balle ga mace. Ana iya kama mutum don ya yi lacca ba da izini ba, a kai shi gaban alƙali, a ɗaure.

Ita kuwa ba ta tsaya a bayan fage ba. Ta hau dandamali ta yi jawabi gaban taron maza, abin da ba a saba gani ba. Tun daga nan sunan Sawaba ya bi ta, har ya shafe na yanka. Ba da daɗewa ba ta zama shugabar reshen mata na jam'iyyar.

Ta kuma yi tattaki har Abeokuta don ta ga Misis Funmilayo Ransome-Kuti. Ita wannan mata ita ce ta haɗa kan matan kasuwar Abeokuta suka ƙi harajin da aka ɗora wa mata, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har Sarkin garin ya sauka daga gadon sarauta cikin 1949, ko da yake ya koma daga baya. Gambo ta ga yadda mata masu talla da masu sayar da kayan miya ke iya girgiza hukuma in sun haɗa kai. Ta komo Arewa da wannan ilimi.

Da aka tura ta Kano, sai ta lura da cewa yawancin matan aure suna cikin kulle, ba za su zo wurin lacca ba. Sai ta riƙa bin su gida gida, tana zama da su a tsakar gida tana yi musu bayani. Hukumar En'e ta Kano ba ta ji daɗin haka ba. Aka kama ta, aka ɗaure, daga baya ma aka kore ta daga ƙasar Kano. Wannan shi ne mafarin shan wuyarta. Masu rubuta tarihinta sun lissafa cewa an ɗaure ta sau 16. An yi mata bulala, an aske mata kai don a wulaƙanta ta, 'yan banga sun sha yi mata dukan kawo wuƙa. Duk sa'ad da ta fito, sai ta koma inda ta tsaya.

An ƙidaya mata, ba a ba su ƙuri'a ba

Yanzu bari mu zo ga babbar maganar. Cikin shekarun 1950 Turawa suna shirin miƙa mulki, ana ta taro a Legas da Landan a kan yadda za a zauna bayan sun tafi. A Jihar Gabas mata sun fara jefa ƙuri'a tun 1954. A Jihar Yamma ma an buɗe musu ƙofa. Amma a Jihar Arewa, jam'iyyar NPC mai mulki ta tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba tukuna, saboda al'ada da kulle da ƙarancin ilimin zamani. NEPU kuwa tana goyon bayan a ba mata ƙuri'a. Cikin 1956 Gambo Sawaba ta ja tawagar mata zuwa ofishin Firimiya, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, a Kaduna, suka kai kukansu. Ba a biya musu bukata ba.

Ki dubi abin da ya faru a babban zaɓen 1959, wanda ya fitar da gwamnatin da ta karɓi mulkin kai. Majalisar Wakilai tana da kujeru 312. Daga ciki an ba Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. Me ya sa Arewa ta fi kowa? Saboda yawan jama'a. Su wa aka ƙidaya cikin jama'ar nan? Maza da mata duka. Watau kakarki da ke bandar kifi a bakin Kwara, da wadda ke surfe a Shanga, an ƙidaya kansu sa'ad da ake rabon kujeru, amma ranar zaɓen wanda zai hau kujerar, sai aka ce su zauna gida. A Kudu kowane baligi, namiji da mace, ya jefa ƙuri'a. A Arewa maza kaɗai.

Kwamitin da aka aika ya auna adalci

Kada ki ɗauka a lokacin ba a damu da maganar adalci ba. An damu ƙwarai. Ƙananan ƙabilu a jihohin nan uku sun yi ta kuka cewa in Turawa suka tafi, manyan ƙabilu za su danne su. Saboda haka cikin 1957 gwamnatin Ingila ta naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Henry Willink, aka ce ya zagaya ya saurari tsoron ƙananan ƙabilu, ya kawo shawarar yadda za a kwantar musu da hankali. Kwamitin ya zagaya ƙasa, ya saurari jama'a, ya ba da rahotonsa cikin 1958. Bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Maimakon haka ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, don kowa ya sami abin da zai kai ƙara da shi kotu.

Shawara ce mai kyau, an kuwa bi ta. Tsarin mulkin 1960 ya zo da sashe wanda ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda al'ummar da ya fito, ko ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa. Ki sake karanta jerin nan a hankali. Abu biyar ne, babu maganar namiji ko mace a ciki. Abin mamaki kuwa, yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950 wadda aka kwaikwaya wajen rubuta wannan babi, ita ta ambaci bambancin namiji da mace a fili. Da aka zo rubuta namu, sai aka bar shi. Tsarin mulkin 1963, na zamanin jamhuriya, shi ma haka ya maimaita.

Me wannan ke nufi? In aka hana mutum wani haƙƙi don shi Batibi ne ko Bakambare, yana da sashen da zai riƙe ya tafi kotu. In aka hana mace ƙuri'a don ita mace ce, ba ta da abin riƙewa. An aiki kwamitin ya duba kukan ƙabilu, ya kuwa duba. Ba a aike shi ya duba kukan mata ba, bai kuwa duba ba. Rabin mutanen Arewa ke nan, sun fi kowace ƙaramar ƙabila yawa nesa ba kusa ba, amma ba su cikin takardar aikensa.

Ku mutanen bakin ruwa kun fi kowa sanin abin da rashin murya ke jawowa. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji cikin 1964, aka gama cikin 1968. Ruwa ya cinye tsibirai da gonaki da garuruwa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Mace ita ce ta san inda murhu zai zauna, da nisan rijiya, da inda za ta shanya kifi da hatsi. Amma a ranar da ruwan nan ya taso, babu mace ko ɗaya a ƙasar Yawuri da ta taɓa zaɓen wanda zai yi magana da yawunta a majalisa.

Ranar da aka ƙara kalma guda

Sojoji sun karɓi mulki cikin Janairu 1966, aka rushe jam'iyyu, har da NEPU. Sai bayan shekara goma, cikin 1976, gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi gyaran ƙananan hukumomi, ta kuma ba matan Arewa ikon jefa ƙuri'a da tsayawa takara. Shekara 20 ke nan cif bayan tattakin da Gambo ta yi zuwa ofishin Firimiya.

Kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya naɗa cikin 1975 don ya tsara sabon tsarin mulki, mutum 49 ne suka yi aikin, dukansu maza. Mata sun yi ƙorafi a kan haka. A majalisar da ta zauna daga baya ta duba daftarin, an sami mata 'yan ƙalilan. Da tsarin mulkin 1979 ya fito, sai ga shi an ƙara abin da aka tsallake: sashe na 39 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci don shi namiji ne ko don ita mace ce. Wannan magana tana nan a sashe na 42 na tsarin mulkin 1999. A zaɓen 1979 matan Jihar Sakkwato, wadda Yawuri ke cikinta a lokacin, suka fito suka zaɓi gwamna da shugaban ƙasa karo na farko.

A wannan jamhuriya ta biyu Hajiya Gambo ta shiga jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar. Daga baya ta ja jiki daga siyasa. Ba ta tara dukiya ba. An san gidanta a Zariya da tarin marayu da marasa galihu, abin da ta samu tare da su take ci. Allah ya yi mata rasuwa cikin watan Oktoba 2001. Ban da asibitin Ƙofar Gayan, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano da ke ɗauke da sunanta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Shin lissafin ya cika?

To, 'yar'uwa, an sami ƙuri'a, an sami sashe a tsarin mulki. Sai dai tsohuwar ɗabi'ar nan ta tsallake mata ba ta mutu ba. Ga misali. Cikin 1996 aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aikinta shi ne ta tabbatar kowace jiha ta sami rabonta na ayyukan gwamnatin tarayya. Hukuma ce mai amfani, jiha kamar Kebbi tana bukatarta. Amma ma'aunin da aka ba ta na jiha ne da shiyya. In ma'aikata ta ɗauki mutum ɗari, kowace jiha ta sami rabonta, ko da dukansu maza ne, ma'aunin bai nuna gibi ba.

Har ila yau, bisa ƙa'idar hukumar, matar aure tana ci gaba da zama 'yar jihar mahaifinta wajen rabon muƙaman tarayya. Ki ɗauka yarinya ce daga Kontagora ta Jihar Neja aka kawo ta aure Warra. Ta yi shekara 30 a nan, ta haihu a nan, ta yi aikin koyarwa a nan. Ranar da muƙami ya taso, Kebbi za ta ce ba 'yarta ba ce, Neja kuwa ta ce ai ta daɗe da tafiya. Ta zama jemage, ba ta ga tsuntsu ba ta ga dabba. Cikin 2012 an jinkirta rantsar da wata mai shari'a a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda irin wannan, don an kawo sunanta a rabon jihar mijinta. Namiji ba ya gamuwa da wannan matsala, domin ba shi ne ke barin gida ranar aure ba.

Akwai kuma sashe na 26 na tsarin mulki. Ɗan Nijeriya in ya auro mace daga wata ƙasa, tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa. 'Yar Nijeriya in ta auri baƙo, mijinta ba shi da wannan hanya. Ga jihar da ke iyaka da Nijar da Binin, wannan ba labarin nesa ba ne. Ki tuna ita kanta Gambo 'yar irin wannan aure ce.

An yi ƙoƙarin gyara. An kafa Hukumar Mata ta Ƙasa cikin 1989, ta zama ma'aikata cikin 1995. Manufar gwamnati ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai. Amma a watan Maris 2016 Majalisar Dattawa ta ƙi wani ƙuduri na bai wa mata dama daidai da maza. Ran 1 ga Maris 2022 kuma Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na zama 'yar jihar miji, da na ba mijin 'yar Nijeriya takardar zama ɗan ƙasa. Mata sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa, kamar yadda matan Abeokuta suka yi a ƙofar fada. A zaɓen 2023, cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa, mata uku aka fara rantsarwa, kotu ta ƙara ta huɗu daga baya.

Ki kuma lura, adalci ga mace ba ya tsayawa ga rabon kujera. Akwai bukatun da suka shafe ta don ita mace ce: hutun haihuwa, da ungozoma a asibitin ƙauye, da ma'aikaciya mace a ofishin 'yan sanda da gidan yari, da makewayi na 'yan mata daban a makaranta, da tsaro a ɗakin kwanansu. Kun tuna watan Yuni 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Waɗanda suka fi daɗewa a daji 'yan mata ne, waɗansunsu sun yi kusan shekara biyu. Hukumar da ba ta raba lissafinta tsakanin maza da mata ba, ba za ta ga inda abin ya fi yi wa mata ciwo ba.

Abin da ya rage gare mu

Hajiya Gambo ba ta gama firamare ba, amma ta gane abin da masu digiri suka tsallake. Ke da Allah ya ba ki damar karatu, kada ki yi wasa da ita. Uwa, in kina da hali, ki bar 'yarki ta ƙare makaranta. In shekarunki sun kai 18, ki yanki katin zaɓe, ki adana shi kamar yadda kike adana sarƙarki, kada ki sayar da shi don sabulu ko turmin atamfa.

Sa'an nan duk ranar da kika ji an kafa kwamiti, ko na rabon taki ne, ko na tallafin ambaliya, ko na makaranta, ko na kasuwa, ki yi tambaya biyu cikin ladabi. Me aka rubuta masa ya duba? Mata nawa ne a cikinsa? In ke kaɗai ba za a ji ki ba, ki tafi da ƙungiyarku ta adashi ko ta masu bandar kifi, ku sami kansila ko hakimi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba wanda zai yi miki bulala ko ya aske miki kai don kin yi tambaya, wata ta riga ta ɗauke miki wannan tun shekaru 70 da suka wuce.